Yaran da muke ce wa "Abba ya yi tafiya"

Malam Edita, salamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki. Dan Allah a ɗan sammini fili, na san wasiƙar ta yi tsawo, amma abin ne ya daɗe yana cina a rai, kuma ni ba marubuciya ba ce, malamar firamare ce kawai a nan Rigasa, yadda ya zo bakina haka zan faɗe shi.

Shekara biyu kenan da rasuwar yayana. Tela ne, da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a shago, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa, bayan azahar aka kai shi makwancinsa. Ya bar mace ɗaya da yara huɗu. Toh kun san yadda muke yi, ana jin labari abu na farko da aka yi shi ne kwashe yara aka tura gidan maƙwabta, wai kar su ga tashin hankali. Da daddare da suka dawo suka tarar da gida cike da mutane, ƙananan aka ce musu Abba ya yi tafiya, ya je Kano sayo yadi. Ba zan ɗora wa kowa ba, ni da bakina ina cikin waɗanda suka faɗa, kuma a lokacin gani nake tausayi ne.

Kwana uku ana zaman makoki, maza a waje ƙarƙashin rumfa, mata a ciki, duk wanda ya shigo sai ya durƙusa gaban uwar yaran, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya raya abin da ya bari. Shi kuwa abin da ya barin yana nan tsaye bakin ƙofa da buta a hannu, an aike shi. Malam Edita ka taɓa ganin an durƙusa gaban yaro ɗan shekara takwas an ce masa ya haƙuri? Ni dai ban taɓa gani ba. Iyakaci a shafa kansa a miƙa masa naira ɗari a ce je ka sayi alewa, ko a ce ku fita waje ku yi wasa kun cika wa mutane kunne. Uban nasa ne fa ya mutu. Duk cikin taron nan in ka cire uwarsa babu wanda aka yi wa rashi kamarsa, amma shi ne ɗan aike.

Na biyun nasu shi ne ɗan shekara takwas ɗin. Bayan an yi arba'in aka zauna aka raba riƙo kamar yadda aka saba, babbar ta koma wajen baffanta a Kawo, shi ya dawo hannuna tunda makarantarmu yake, ƙananan biyu suka zauna da uwar tana takabarta ta wata huɗu da kwana goma. Kai duba fa, cikin wata biyu yaro ya rasa uba, ya rasa ɗakin da ya saba kwana, ya rasa yayarsa da suke faɗa kullum, uwar ma sai ƙarshen sati. Mu manya muna ta murna an rufa asiri kowa ya ɗauki nasa nauyin. Shi ba wanda ya tambaye shi.

Sai yaro ya fara fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara huɗu. Sai faɗa a makaranta, yaron da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. In an yi magariba ya fita bakin layi ya zauna kan dakali sai an je an jawo shi. Na yi faɗa, na yi bulala, Allah ya yafe min, an kawo rubutu ya sha, wata tsohuwa ta ce a yi hayaƙi ko iska ce ta shafe shi a bakin layin. Rannan ina gyara jakarsa ta makaranta na tarar da tef ɗin awo na babansa a naɗe cikin safa, can ƙasan littattafai. Na mayar na yi shiru, don ban san me zan ce ba.

Abin da ya buɗe min ido ba wani babban abu ba ne. Lokacin tara ne, ina cikin aji ina makin jarabawa, shi da wani yaro suna zaune bayan taga ba su san ina ji ba. Shi wancan mamarsa ce ta rasu wajen haihuwa. Sai na ji yana tambayar namu, kai ka ga babanka da aka naɗe shi? Namu ya ce a'a ni cewa aka yi ya je Kano, amma ai na san ƙarya ne, na hau katangar gidan da aka kai mu na ga an fito da makara. Ɗayan ya ce to me ya sa ba ka faɗa ba. Ya ce in na faɗa Umma kuka za ta yi.

Wata tara Malam Edita. Wata tara yaron nan yana taya mu riƙe ƙaryar da muka yi masa, don kar ya ɓata mana rai. Mu muna ɓoye masa, shi yana ɓoye mana ya sani. Kuma da ya tashi faɗa ba ni gwaggonsa da yake kwana ɗakina ya faɗa wa ba, ba malamin islamiyyarsu ba, yaro ɗan uwansa ya faɗa wa, wanda ya san shi ma an yi masa irin ta. Biron ma faɗuwa ya yi daga hannuna.

Daga nan ne na ce bari in gwada wani abu. Ran Alhamis ba islamiyya, sai na roƙi iyayen wasu yara da na san an yi musu rashi a layinmu da na baya, su bar su su zo gidana bayan la'asar. Shida suka zo. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na dafa zoɓo. Ranar farko kam na kwafsa, don malanta ta motsa, na zauna na yi ta zuba musu wa'azin haƙuri da ƙaddara kusan rabin awa, suna ta kallon ƙasa suna cewa toh Malama, toh Malama, aka tashi ba wanda ya ce uffan. Sati na biyu murya ta dishe saboda mura, sai kawai na raba musu takarda da kala na ce kowa ya zana abin da ya tuna. Wata ta zana kujera 'yar tsugunno da murhu, ta ce nan mamarta take zama. Namu ya zana keken ɗinki. Wani ya leƙa ya ce kai keken babanka ba shi da ƙafa? Aka kwashe da dariya, daga dariyar sai magana ta ɓalle, ni ina gefe ina tari. A ranar na gane ashe bakina ne ya hana su magana.

Akwai abin da ya fito a sati na biyar ko na shida da har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Wata yarinya 'yar shekara goma ta ce ita ce ta kashe babanta, wai da safen ranar ya dake ta don ta ƙi zuwa ɗebo ruwa, ta ce a ranta Allah ya sa kar ya dawo, kuma bai dawo ba, mota ta buge shi. Shekara guda da rabi tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Kafin in haɗa abin da zan ce, wani yaro ya ce ke ai ni ma na taɓa faɗa wa yayana haka sau da yawa kuma ga shi nan da ransa yana cin tuwo. Wallahi ko malamin da ya fi kowa iya magana bai isa ya sauke mata kayan nan kamar yadda yaron nan ya sauke ba. Daga baya na zauna da ita na yi mata bayanin ajali a hankali, amma shi ya buɗe ƙofar. A gidansu kuwa yabonta ake yi, wai tunda babanta ya rasu ta yi hankali ba ta ko magana.

Da abin ya fara nisa sai tsoro ya kama ni kar in zo ina ɓarna ban sani ba, na shiga intanet a waya ina bincike, ashe abin da na ɗauka dabarata ce mutane sun daɗe suna yi. A Amurka akwai wata cibiya a garin Portland da ake kira Dougy Center, wata ma'aikaciyar jinya Beverly Chappell ta kafa ta a 1982, an sa mata sunan wani yaro da ya rasu da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa yana shekara 13. Tsarinsu shi ne a haɗa yara sa'o'in juna waɗanda aka yi wa rashi, manyan da ke zama da su 'yan sa kai ne da aka horar, aikinsu saurare, kuma yaro yana da damar ya ce yau ba zan yi magana ba a wuce shi ba tilas. Iyaye su ma suna nasu zaman a wani ɗaki a daidai lokacin, kuma ba a biyan ko sisi. Har wani ɗaki gare su mai katifu a bango inda yaron da haushi ya cika shi zai shiga ya yi ta naushi da tsalle har ya huce. Da na karanta wannan sai na tuna bulalar da na yi wa namu a kan faɗa. A Ingila ma an kafa wata ƙungiya mai taimaka wa yaran da aka yi wa rashi, Winston's Wish, a 1992. Wanda ya fi kama da mu kuwa na Zimbabwe ne, inda wani likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya ga likitoci ba za su taɓa isa ba, sai ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna su yi magana. Nasu na manya ne masu ciwon damuwa, amma dabarar ɗaya ce, benci da kunne. Mu da muke da tabarma da tsofaffi a kowane gida me ya hana mu?

Na san abin da wasu za su ce don an riga an faɗa min a fuska. Wani dattijo a layinmu, mutumin kirki ne kuma ina ganin girmansa, ya ce Malama wannan ai tono ciwo ne, kuma tarbiyyar Turawa ce, mu Musulmi an ce mu yi haƙuri mu bar wa Allah. Na ce Baba haka ne, amma a gafarce ni, haƙuri daban shiru daban. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗansa Ibrahim ya rasu hawaye ya zubo masa, ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kuma duk ɗan islamiyya ya san hadisin ƙanin Anas, ɗan ƙaramin yaro Abu Umair da tsuntsunsa ya mutu, Annabi da kansa yake tambayarsa ya Abu Umair me ɗan tsuntsu ya yi. Tsuntsu fa. Bai ce yaro ne zai manta ba. Mu kuma uba ne sukutum ya tafi muke cewa yaro bai san komai ba. Batun tono ciwo kuwa, ciwon ai yana nan ko an tona ko ba a tona ba, shi ne yake fitowa ta katifa da ta faɗa, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Baba dai bai ce na yi gaskiya ba, cewa ya yi Allah ya ba da lada ya wuce masallaci, amma bayan sati uku jikarsa ta zo.

Wasu kuma cewa suke yi ana fama da abin da za a ci kina maganar zane-zane. Wannan kam ba zan musa ba, wadda aka bar wa yara huɗu da kuɗin haya ba zoɓo ne damuwarta ba. Kuma Allah ya saka wa kwamitocin marayu na masallatai da ƙungiyoyi da alheri, suna ƙoƙari, shinkafa da azumi, yadi da sallah. Sai dai in faɗi wani abu ko da ba zai yi daɗi ba, yaran nan ba sa son yadda ake jera su a layi ana kiran marayu su matso a ɗauki hoto a sa a Facebook. Su suka faɗa min. Wani ya ce shi ranar rabon kaya ɓuya yake yi don 'yan ajinsu suna tsokanarsa da ɗan marayu. Shi ya sa zamanmu ban sa masa sunan marayu ba, su da kansu suke ce masa zaman Alhamis, shikenan.

Abin da ban shirya ba shi ne iyayen. Masu rako ƙanana sai su zauna a zaure suna jira, yau da gobe sai ga shi su ma sun kafa tasu majalisar, har ta fi ta yaran tsawo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, wadda ta fita takaba shekara uku da suka wuce ita ke faɗa wa sabuwa yadda ake bi da dangin miji a kan gado, da yadda za ta amsa in yaro ya tambaya ina Abba yake yanzu, yana jin sanyi a kabari? Matar yayana a nan ne ta fara faɗin sunan mijinta ba tare da ta fashe da kuka ba. Yanzu har adashe suka fara.

Malam Edita dalilin da ya sa na ce sai na rubuto jarida ban bar shi a tsakar gidana ba, garin da muke ciki ne. Kaduna ta ga rashi iri-iri. Waɗanda aka kashe wa iyaye a rikicin 2000 da na 2002 suna yara, yau su ne magidanta, wa ya taɓa zama da su ya ji me suka gani? Tun lokacin gari ya rabu, wasu suka tsallaka gada wasu suka dawo nan, kowa ya tafi da nasa a ciki. Jirgin ƙasan da aka kai wa hari ran 28 ga Maris 2022 nan tashar Rigasa ake jiransa a daren. Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disamba 2023, ana Mauludi jirgin soja mara matuƙi ya saki bam bisa kuskure, hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce mutum 85 aka binne, kuma yaran da suka tsira a wajen suke, da idonsu suka gani. Ga Birnin Gwari, ga Giwa, ga Kajuru da Zangon Kataf, ga waɗanda suka gudo daga ƙauyuka suka cika mana unguwanni, a ajina ma akwai su. In abu ya faru manya su je jaje, a kai buhuna, a yi alkawarin gini, duk da kyau. Amma yaron da ko ƙarar jirgi ya ji sai ya shige ƙarƙashin benci, shi buhu ba ya isa inda ciwonsa yake.

Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma tsakani da Allah likita nawa ne za su zauna da yaran jihar nan ɗaya bayan ɗaya, kuma uwa nawa ce za ta yarda ta kai ɗanta can, mutane su ce ya haukace? Yawancin yaran ma ba marasa lafiya ba ne, rashi aka yi musu. Abin da nake roƙo shi ne masana na can da na jami'o'inmu su fito su horar da mu, ko na kwana uku ne, malaman firamare da na islamiyya, matan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, 'yan agaji, da matan zumunta na coci, don wata abokiyar aikina da ke zaune a Sabon Tasha ta ce su ma haka suke yi, a ce wa yaro Baba ya tafi wajen Yesu a rufe maganar. A koya mana yadda ake sauraro, da kuma alamar da in mun gani za mu san wannan ya fi ƙarfin tabarma sai asibiti, kamar yaron da ya daina cin abinci, ko yake cewa gara ya bi mamarsa, ko ya fara shaye-shaye. Ni an taɓa kawo min irin wannan, ban tsaya gwaninta ba na ce a tafi Barnawa, na raka su da kaina.

Kuma duk wanda zai fara dan Allah ya yi hattara, kar a mayar da shi wata hanyar neman tallafi da fosta. Kar babba ɗaya ya kulle ƙofa da yaran mutane, a zama biyu kuma a fili, iyaye su sani. Abin da yaro ya faɗa a tabarma ya tsaya a tabarma sai dai in akwai cutarwa, don gulma ɗaya ta isa ta kashe zaman gaba ɗaya, unguwa ce kowa ya san kowa. Kar a haɗa ɗan shekara shida da ɗan sha biyar, na yi wannan kuskuren, manyan suka ƙi buɗe baki gaban ƙanana sai da na raba. Samarin ma gaskiya namiji suke buƙata, har yanzu ina neman wanda zai karɓe su, maza kun yi mana nisa a wannan harkar.

Namu dai fitsarin ya tsaya, faɗan ya ragu, ban ce ya daina ba. Na zaunar da shi na ba shi haƙurin maganar Kano, ya ce ba komai Gwaggo. Tef ɗin yana nan a jakarsa amma yanzu ba a cikin safa ba, har awo yake yi wa 'yan ajinsu da shi. Satin da ya wuce ya ce yana so a nuna masa kabarin, na kira baffansa na Kawo na faɗa masa, ya yi shiru a waya ya ce shi ma rabonsa da wajen tun ranar da aka kai shi. Sun yi da shi ran Juma'a bayan an sauko masallaci zai zo ya ɗauke shi su je.

Na gode da fili, Allah ya jiƙan magabatanmu.

Taku,
Wata malamar firamare,
Rigasa, Kaduna.